Gahawarsu Ta Yi Sanyi

Talata, 21 ga Janairu, bayan la'asar

Zan rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Maisun da muke kwana ɗaki ɗaya tun da aka haife ni. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake tsara yadda za a so yayata. Ba ni ba, ita. Ni ko hanyar kasuwa namiji ya tambaye ni harshena ɗaurewa yake yi, kunnuwana su ɗau zafi, don haka tun da wuri na cire kaina. Amma Maisun doguwa ce, gashinta har gadon baya, tana aiki a kantin magani da farar riga. Ta cancanci irin son da ke hana mutum cin abinci. Na gama shirya mata komai: matuƙin jirgin ruwa ne, da ɗan tabo a gira, ba ya yawan magana, zai tsaya ƙarƙashin tagarmu cikin ruwan sama har zazzaɓi ya kama shi.

Sai Allah ya kawo Nidal.

Nidal mai gyaran firji ne. Mama in tana gaya wa maƙwabta cewa take injiniyan na'urorin sanyi, amma firji dai firji ne. A wani otal yake aiki, a wani tsibiri can Malesiya, hutu ya zo. Tsibiri fa! Itatuwan kwakwa, farin yashi, teku kore shar, duk na gani a katin da ya kawo. Allah ya ba mutum wuri irin wannan, amma ya rasa abin da zai faɗa a kansa.

Jiya ya zo, aka zaunar da ni a falo tare da su kamar kullum. Na buɗe littafin labarin ƙasa, na cusa na soyayyar da na aro a ciki, na kasa kunne. Ga abin da masoyin yayata ya ce mata:

"A can takalmin fata ruɓewa yake saboda laima. Ki sayi na roba."

"Wane launi?"

"Wanda ya fi araha."

Kuma ta yi dariya! Har da rufe baki. Daga baya ta ce, "Sundus tana so ta ji yadda faɗuwar rana take a bakin teku," don ta san ba zan iya tambaya ba. Ya ɗan yi tunani, na riƙe numfashi. Ya ce, "Lokacin ne sauro ke fitowa."

Ranar Juma'a manyansa za su zo neman aure. In an ba shi, ya koma, ita kuma ta bi shi da bazara.

Alhamis, 23 ga Janairu, da hantsi

Sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Duk gidan mun tattaru a ɗaki ɗaya muna kewaye da soba, murhun kananzir ɗin da ya girme ni. An aro kujeru daga gidaje uku, an yi odar kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, manyan farantai huɗu, Baba ya soya gahawa da kansa ya daka.

Shi da Mama sun yi faɗansu na safe.

"Abu Basil, ka sake ɗora ɓawon lemo a kan soba."

"Ƙamshi ne, Ummu Basil."

"Hayaƙi ne. Jiya na wanke labulen nan."

"Shekara talatin kina cewa hayaƙi ne, ga ki nan ba ki mutu ba."

"Jira nake in aurar da 'ya'yana tukuna."

Ya tura silifas ɗinta kusa da wuta da ƙafa, wai sun tare masa hanya. Ita kuma ta ɓare masa wani lemon, wai don ya yi shiru. Auren ke nan. Na karanta littattafai sun fi ɗari, ban ga inda aka yi maganar labule ba.

Ammu Faris, wan Baba, shi zai amsa wa baƙi gobe. Tun safe yake zagaye tsakar gida yana gwada jawabinsa, hannu ɗaya a baya. Na ji ya ambaci Turkawa sau biyu.

Juma'a, 24 ga Janairu, da magariba

Ba a karanta Fatiha ba.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan azahar

Jiya na kasa rubutawa. Yau zan iya.

Mu mata muna ciki, ba mu ga komai ba. Muna dai jiran a ce an sha gahawa mu rangaɗa guɗa, sai muka ji ƙarar kujeru, muka ji takalma suna sauka matakala. Yayana Basil ne ya zuba gahawar, shi ya ba mu labari a kicin, fuskarsa kamar toka.

Mutum wajen arba'in suka hawo matakalar unguwarmu cikin yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Jagoransu Hajji Miflih, ƙanen kakan Nidal, ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi. Basil ya miƙa masa finjali. Ya karɓa ya ajiye a gabansa, yadda ake yi, ya ce ba za su sha ba sai an biya musu buƙatar da ta kawo su. Ya nemi Maisun a taƙaice, ya zauna. Duk lafiya lau.

Sai Ammu Faris ya miƙe.

Basil ya ce ya fara daga kakan kakanmu da ya ƙi biyan Turkawa haraji. Ya bi ta rijiyar da muka haƙa wa matafiya, ya bi ta gonar inabi, ya bi ta wani doki. Hayaƙin taba ya cika falon, wani ya buɗe taga. Finjalin yana nan a ajiye daidai bakin iska. Da ƙyar ya kai ga cewa, "Ku sha gahawarku, mun ba ku." Basil ya yunƙuro da buta don ya canza wa tsohon da mai zafi, amma ina, har tsohon ya kai baki. Ya kurɓa, ya juya ga na kusa da shi, a ganinsa raɗa yake yi:

"Gahawarsu ta yi sanyi."

Basil ya ce har na bakin ƙofa sun ji.

Ko yaron goye a garinmu Salt ya san abin da ake nufi in aka ce gahawar mutum ta yi sanyi, a cikin gidansa, a gaban maza arba'in: cin mutunci ne, an ce bai iya karɓar baƙi ba. Baba ya yi fari fat. Ammu Faris ya ce, "Wanda gahawarmu ba ta yi masa ba, 'yarmu ma ba za ta yi masa ba." Wani daga cikinsu ya ce ai da an rage doki da an sha da zafi. Wani namu ya mayar. Nidal ya miƙe yana cewa "Ammu, don Allah, Ammu," babu mai jin sa. Tsohon kuma yana ta tambayar me ya faru.

Kan kurɓi ɗaya! A littattafai abin da ke raba masoya yaƙi ne, ko hadari a teku, ko mugun attajiri. Mu namu taga ce aka buɗe.

Maisun ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan firji, ta ɗaura ƙyallen girki ta hau wanke finjalai arba'in da babu wanda ya sha sai tsohon. Ko hawaye ɗaya. Ni na yi mata kukan, a banɗaki.

Lahadi, 26 ga Janairu, da safe

Kunafa muka karya da ita.

Talata, 28 ga Janairu, bayan la'asar

Kunafa har yanzu. Mama ta ce ba za a aika wa maƙwabta ba, kada su ce muna rabon abin kunya, kuma ba za a zubar ba, haramun ne. Ta bushe, cukun ya zama kamar igiya. Duk loma ɗaya sai na ji kamar ina tauna ranar Juma'a.

Baba ya cire wayar tarho daga bango ya naɗe ya sa a aljihun kwat. Ya tara mu ya ce, "Babu saƙo, babu gaisuwa. Duk wanda ya shigo mini da kalma ɗaya daga gidan can, ya nemi wani uban." Bai kalli Maisun ba da yake faɗa. Ammu Faris kuma ya sa Basil ya riƙa raka ta kantin magani, ya zauna a kujerar masu jira har ta tashi. Basil ya ce ya haddace sunan maganin tari kala tara.

Na tambaye ta da muna gyara gado, "Ba za ki yi komai ba?"

"Kamar me?"

"Ki daina cin abinci. Ki suma. Ki yanke gashinki."

"Gashina me ya yi?" Ta ja bargon. "Kama can gefen, ya karkace."

Wallahi wani lokaci ina shakkar ko jini ne a jikinta.

Alhamis, 30 ga Janairu, da hantsi

Mama ta daina dafa gahawa. Ba ta ce ta daina ba, ta dai ɗauke butar ta sa a saman kabad, can inda sai an taka kujera. Baba ya zauna da safe yana jira, sai ga shayi, yana tafasa har kofin na rawa.

"Ina gahawa?"

"Tsoro nake ji, Abu Basil. Kada ta huce tsakanin kicin da nan, ka sake ni."

"Ummu Basil!"

"Sha da zafinsa. Mutuncinmu ke nan a cikin kofin."

Ya kurɓa ya ƙona harshe. Basil ya shaƙe da dariya ya fita baranda.

Amma tun daga nan ba su sake faɗa ba. Ba ɓawon lemo, ba labule. Ban san shirunsu ya fi faɗansu muni ba sai yanzu.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan azahar

Matar Ammu Faris ta zo jaje kamar an yi mutuwa. Ta ce wa Mama ai Allah ne ya rufa asiri, wa zai kai 'yarsa ƙasar da ake cin shinkafa da kwakwa, damina ba ta ɗaukewa, birai na shiga ɗaki? Ta ce da an kai Maisun can, sai dai mu riƙa ganin ta a hoto shekara biyu sau ɗaya.

Shekara biyu sau ɗaya. Ni ban taɓa lissafa wannan ba.

Ba komai. Ƙarya ma take yi, ba ta taɓa wuce Amman ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

Dusar ƙanƙara! Mun tashi ƙofa ba ta buɗuwa. Garin ya yi fari tun daga kan dutse har kwari, babu motsin mota, wayoyin lantarki sun sunkuyo. An ce babu makaranta sai abin da hali ya yi. Yaran unguwa suna ta ihu suna jifan juna.

A ce yau ne mutum zai ratso wannan farin, ƙafa na nutsewa har gwiwa, ya zo ƙarƙashin taga. Na leƙa sau da yawa. Karen gidan maƙwabcinmu Abu Samir kawai na gani.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da la'asar

Babu wuta. Miyar adas, ƙananan waken nan, burodin jiya, zaitun. Baba na fama da ciwon kai, ya ɗaure goshi da rawani, ya ƙi cewa na rashin gahawa ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan azahar

Maisun ba ta je aiki ba kwana biyu, hanya a toshe. Ta wanke duk abin da ke wankuwa a gidan nan. Ta wanke labulen da Mama ta wanke. Ta wanke kwalaben zaitun da babu komai a ciki. Na ce ta zo ta zauna in karanta mata wani wuri mai daɗi, inda jarumin ya ce wa yarinyar ita ce numfashinsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To in ta tafi kasuwa fa, shaƙewa zai yi?"

Na rufe littafin. Ba zan ƙara karanta mata ba har abada.

Can anjima na ga ta tsaya gaban firji, ta dafa shi, tana sauraron ƙugin da yake yi tun da wuta ta dawo. Ta daɗe a haka. Da ta gan ni ta ce madara take nema. Ba ta buɗe ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Na je gidan burodi. Shi ke nan abin da ya faru. Na je gidan burodi na dawo.

Asabar, bayan la'asar

To. Nidal yana can. Yana tsaye a layi da shebur a hannu, ashe shi da wasu samari ne suka share matakalar ƙasa. Hancinsa ya yi ja, ya saka wata hular ulu mai kunnuwa da ko kakana ba zai saka ba. Ya ce, "Sundus, yaya mutanen gida?" Na kalli takalmina. Ya ce, "Na san an hana. Ba zan ji haushi ba in kin ƙi." Ya ɗora ambulan a kan burodina, tsakanin na biyu da na uku. "Kullum da safe ina nan wurin."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na rungume burodin na juyo gida.

Tururin burodin ne ya buɗe bakin ambulan ɗin. Ni ban buɗe ba. Da na iso gida a buɗe yake, kuma takardar ta ɗan leƙo. Zan kwafe ta nan don duk wanda ya ga littafin nan bayan na mutu ya yi mini shari'a:

"Maisun, sallama. Ina fatan kuna lafiya kuma bututun ruwanku bai daskare ba. In ya daskare kada a zuba masa tafasasshen ruwa, fashewa zai yi, a naɗa masa tsumma mai ɗumi.

Hajji Miflih bai san an ji shi ba. Tun ranar bai ci abincin kirki ba. Ya ce zai sake hawo matakalarku ranar Juma'a da ƙafarsa, ya sha duk abin da aka ba shi, in dai ya san za a buɗe ƙofa. Ba zan kawo tsoho ya tsaya a waje ba, kuma ba zan kawo shi ba sai ke kin ce. In zuwa Laraba ban ji komai ba, na gane, ba zan dame ki ba. Jirgina Asabar mai zuwa.

Na yi magana da manaja. Ɗakin da za a ba mu yana da wurin girki. Tagarsa ba ta kallon teku, wurin ajiye motoci take kallo, gara in gaya miki gaskiya. Ruwan famfo a can da ɗuminsa yake fitowa ko da asuba. Yatsunki ba za su ƙara tsagewa ba.

Nidal."

Bututu! Mutum na gab da rasa matar rayuwarsa, ya buɗe da bututu! Babu "abar ƙaunata", babu "ba na barci", babu komai. Wurin ajiye motoci. In na ba ta wannan, ɗan abin da ya rage a zuciyarta ma mutuwa zai yi. Don ita na ɓoye. Na sa a cikin littafin labarin ƙasa, wajen taswirar Asiya.

Ga kuma abin da Baba ya ce. Wani uban zan nema a ina cikin wannan ƙanƙarar?

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da safe

Na ce cikina na ciwo, Basil ya je burodi. Ya dawo bai ambaci Nidal ba.

Jiya da na shigo Maisun ta karɓi burodin ta ce, "Ba ki ga kowa a hanya ba?" Na ce karen gidan Abu Samir. Ta ce, "To."

Lahadi, bayan la'asar

Na gyara masa wasiƙar. Shafi biyu. Na sa "ya hasken idona", na sa wata da ke leƙowa ta tsakanin ganyen kwakwa, na sa zai yi iyo ya ƙetare teku in ta ce ya zo. Na juya tagar ta kalli ruwa. Na cire bututu. Na kwaikwayi rubutunsa, wanda ba wuya, kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Na shiga banɗaki na karanta a hankali da muryarsa. Ban kai layi na huɗu ba. Nidal da hular kunnuwa yana cewa "ya hasken idona". Maisun za ta ɗago ta kalle ni tun kafin ta gama layin farko.

Amma wasiƙar ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau. Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarta ba, kuma babu wanda zan ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Ina goge gilashin fitila a bayan ƙofar kicin, ba laɓe nake ba. Baba ya shigo wai yana neman ashana. Ya tsaya yana kallon saman kabad.

Mama ta ce, "Tana nan, ba ta gudu ba."

"Kaina zai tsage, Ummu Basil."

"Na 'yarka fa? Ka dube ta kuwa? Siket ɗinta da fil take riƙe shi yanzu."

Baba ya ce, "Faris ya cika surutu. Tun muna yara."

"Yau ka sani?"

"An ce gahawata ta yi sanyi a gaban mutane."

"Ta yi sanyi mana! Ko wuta aka ajiye a tagar nan har yayanka ya gama da dokinsa, ai ta mutu."

Na ji wani sauti, ban sani ba ko tari ne ko dariya. Sai ya ce, a hankali, "Ni ba zan aika ba. Ko za a yanka ni ba zan aika ba. Amma in tsohon ya hawo da ƙafarsa, ni ba mai rufe wa tsoho ƙofa ba ne."

"Wa zai gaya musu, tunda tarho na aljihunka?"

"Wannan kuma ba ruwana."

Ya fita ba tare da ashanar ba.

Ke nan tsohon zai zo in za a buɗe, Baba zai buɗe in tsohon ya zo. Kuma duk garin nan mutum ɗaya ne ya ji duka biyun. Me ya sa ni? Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu?

Litinin, bayan azahar

Shekara biyu sau ɗaya.

Litinin, da magariba

Na kalli hannun Maisun. Muna cin abinci, ta miƙo ta ɗauki gishiri. Duk gaɓoɓin yatsunta sun kumbura sun yi ja, biyu sun tsage, ɗaya ta naɗe da filasta. Na ce, "Me ya same ki?" Ta ce, "Sanyi mana. Ai duk shekara haka suke yi." Mama ta ce tun tana firamare.

Duk shekara. Gadona da nata taku ɗaya ne tsakani. Na san tsawon gashin idonta, na san yadda haske ke sauka a kumatunta, na rubuta shi a nan ba sau ɗaya ba. Shi da bai fi sau shida ya zauna a falonmu ba, yana maganar takalmin roba, ashe hannunta yake kallo.

Haushi nake ji. Ban san na wa ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da safe

Maisun ta koma aiki, an buɗe hanya. Kafin ta fita ta tsaya tana saka safar hannu a hankali saboda ciwon, ta ce, "Yau za ki burodi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "In kin je ki saka babban takalmi, akwai santsi." Ta tsaya kamar akwai saura. Basil ya kira ta daga ƙasa, ta tafi.

Na zauna a gadonta. Daga nan ɗakin daban yake. Ana ganin gadona, da tulin littattafaina, da tagar da nake leƙe. Ƙarami ne ashe. In mutum ɗaya ne a ciki kuma zai yi girma da yawa.

Wa zai ce mini in kashe fitila? Wa zai tambayi mutane abin da nake so in tambaya?

Ba saboda bututu ba ne. Na sani. Kada a dame ni.

Talata, bayan la'asar

Gobe Laraba.

Na cusa shafukana biyu a cikin soba. Sun ci da wuta mai kyau, Mama ta leƙo ta ce wa ke ƙona takarda, labulenta. Na ciro tasa daga taswirar Asiya. Ta yamutse, ga maiƙon burodi a gefe. Na sa dutsen guga na bi ta a hankali, ta ɗan miƙe.

Zan gaya wa Maisun tun Asabar take hannuna. Za ta yi fushi, ta yi. Zan gaya mata abin da Baba ya ce a kicin, kalma da kalma. In amsa za a kai, gobe da safe ni ce mai zuwa burodi, da babban takalmi. In Baba ya ji ya ce in nemi wani uban, sai in ce masa shi ya ce ba ruwansa.

Na sake karantawa sau ɗaya, ko na tsallake wani abu. Ban tsallake ba. Babu kalmar so ko ɗaya daga sama har ƙasa. Har gobe ina nan a kan bakana, mummunar wasiƙa ce, ban taɓa ganin mai muninta ba.

Amma ba ni aka rubuto wa ba.

Ga muryar Basil a matakala, yana mitar santsi. Ga takunta a bayansa.